Daga Zauren Majalisa: Wakilin Yana Ya Yi Magana, Wa Ya Bi Sawu?

Ran Asabar, 10 ga watan Yuni na 2023, Majalisar Dattawa ta tara ta yi zamanta na ban kwana a Abuja. Al'adar irin wannan rana ita ce kowane sanata ya tashi ya gode wa Allah, ya gode wa abokan aikinsa, ya nemi gafarar wanda ya saɓa wa, sa'an nan a watse. A cikin waɗanda suka tashi har da Sanata Adamu Muhammad Bulkachuwa, mai wakiltar Bauchi ta Arewa, watau mazaɓar da ta haɗa ƙananan hukumomi bakwai: Katagum da Shira da Giade da Gamawa da Zaki da Itas/Gadau da Jama'are. Mutumin Yana, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shira, ba shi da wani baki a wannan zaure a lokacin sai bakin wannan dattijo.

Ya fara kamar yadda kowa ya fara. Can sai ya ce yana duban fuskokin waɗansu abokan aikinsa waɗanda suka zo wurinsa neman taimako a zamanin da maiɗakinsa, Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, take Shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa. Ya kuma gode mata saboda haƙurin da ta yi da shi sa'ad da yake shiga mata cikin 'yancin aikinta, har taimakonta ya kai ga abokan nasa. Shugaban Majalisa, Sanata Ahmad Lawan, ya yi ta katse shi, yana ba shi shawara ya bar wannan hanya.

Amma magana zarar bunu ce. Kafin a ce me, hoton jawabin ya shiga wayoyin mutane tun daga Ikko har Azare. Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Yakubu Maikyau, ta nemi a yi bincike. Mai Shari'a Zainab, wadda ta yi ritaya tun watan Maris na 2020, ta fito da takarda ta ce ba ta taɓa karya rantsuwar aikinta don ta faranta ran wani ba. Shi kansa sanatan ya ce an yi wa maganarsa gurguwar fahimta. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta gayyace shi, shi kuwa ya garzaya Babbar Kotun Tarayya ta Abuja yana neman a dakatar da ita, bisa ga hujjar cewa doka ta kare ɗan majalisa daga tuhuma a kan abin da ya faɗa cikin zaure. A watan Satumba na 2023 Mai Shari'a Inyang Ekwo ya kori ƙarar, ya ce wannan kariya ba ta kai ga hana hukuma binciken magana irin wannan ba.

Yanke hukunci a kan wannan al'amari ba aikin wannan fili ba ne. Abin da ya shafi mai karatu wani ne dabam. Sanata Bulkachuwa ya shekara huɗu a zauren, daga 2019 zuwa 2023, shi ne kuma shugaban kwamitin harkokin waje, kwamitin da ke tantance jakadu kafin Majalisa ta amince da su. A cikin waɗannan shekaru Majalisa ta zartar da kasafin kuɗi huɗu, ta yi dokar man fetur ta 2021 da dokar zaɓe ta 2022, ta kuma amince wa gwamnati ta ciwo basussuka masu yawa. To, a tsaya a tashar motar Yana ko a bakin kasuwar Disina, a tambayi mutum goma wane jawabin sanatansu suka sani. Da wuya a sami mai ambaton wani in ban da na ranar ban kwana. Shekara huɗu ana magana da yawun jama'a, jama'ar ba su ji komai ba sai a ranar da aka naɗe tabarma.

AIKE DA JAWABI

Ɗan majalisa ɗan aike ne, Bahaushe kuwa ya san ladabin aike tun kafin a gina majalisa. Idan mai unguwa ya tura mutum gaban dagaci, ko manomi ya ba ɗansa buhun gero ya kai kasuwa, aiken bai cika ba sai ɗan aike ya komo ya durƙusa ya ce ga abin da ya faɗa, ga amsar da aka ba shi, ga abin da ya samo. Wanda ya dawo ya shige gida bai ce uffan ba, ba a sake aikensa. Amma a aiken da ya fi kowane girma, wanda ya shafi haraji da hanya da asibiti da makaranta, sai jama'a suka yafe jawabi. Abin da ake jira daga ɗan majalisa in ya zo gida shi ne shinkafar azumi da babur da keken ɗinki. Wanda ya karɓa bai yi laifi ba, sai dai ya kamata ya san ba wannan ne aiken ba. Aiken shi ne abin da wakili ya faɗa da abin da ya goyi baya a zaure. Kuma ba aikin sa-kai ba ne: a watan Maris na 2018 Sanata Shehu Sani na Kaduna ya bayyana cewa ana ba kowane sanata naira miliyan 13.5 a wata don gudanar da ofis, ban da albashi.

A dubi jerin waɗanda suka riƙe kujerar Bauchi ta Arewa. Baba Tela ya hau a 2003, Suleiman Nazif Gamawa a 2007, Babayo Garba Gamawa a 2011, Nazif ya komo a 2015, Bulkachuwa ya karɓa a 2019, Samaila Dahuwa Kaila a 2023. A tsawon wannan lokaci babu wanda ya yi zango biyu a jere. Wani zai ce wannan alama ce ta jama'a masu sa ido, da haka ne kuwa da abin murna ne. Amma sau da yawa canjin daga zaɓen fid da gwani na jam'iyya yake fitowa, ko daga guguwa irin ta 2015, wadda ke kwashe nagari da mugu baki ɗaya. Mazaɓar da ke canja wakili ba tare da ta auna aikinsa ba tana yin hasara biyu. Malalaci ya tafi bai san dalilin korarsa ba, don haka na bayansa bai koyi komai ba. Mai himma kuma ya tafi da ƙwarewarsa, alhali a ƙa'idar Majalisa tsofaffin hannu ake fifitawa wajen rabon shugabanci.

ABIN DA AKE RUBUTAWA

Sawun ɗan majalisa bai ɓata ba, a rubuce yake. Kowace ranar zama ana fid da takardar jadawali, mai nuna batutuwa da shirye-shiryen dokar da za a duba, da sunan mai kowanne. Bayan zama akawun Majalisa yakan tsara takardar bayanin abin da aka zartar, wadda ake amincewa da ita a zama na gaba. Sai kuma babban kundi, wanda ake kira Hansard, inda ake rubuta maganar kowa kamar yadda ta fito daga bakinsa.

Wannan kundi ba a same shi a ɓagas ba. A Ingila, inda al'adar ta samo asali, majalisa ta daɗe tana ɗaukar buga muhawararta a jarida a matsayin laifi. A 1771 har ta sa aka tsare Magajin Garin Landan, Brass Crosby, saboda ya kare masu ɗab'in da suka buga muhawara. Jama'a suka tsaya bayansa, majalisa ta saduda. A farkon ƙarni na 19 wani mai ɗab'i, Thomas Hansard, ya riƙa buga muhawarar da sunansa, sunan ya bi kundin, har a 1909 majalisar wakilan ƙasar ta ɗauki ma'aikatanta na kanta don yin aikin. Da mulkin Turawa al'adar ta iso Nijeriya.

Wanda ke son ya ga amfanin kundin ba sai ya bar Jihar Bauchi ba. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa, ɗan Lardin Bauchi, lardin da ƙasar Katagum take ciki, ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya kawo batu cewa a kafa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin mulkin En'e. Ya yi suka ga tsarin da ya bar iko duka a hannun sarki shi kaɗai, ya ambaci cin hanci, ya nuna cewa talaka ba shi da bakin magana a cikin mulkin da ake yi masa. A wancan zamani faɗin haka a bainar jama'a sai mai ƙarfin hali. Batun ya tsallake, aka yi bincike, a 1952 aka ɗaure sarauta da majalisarta, a 1954 kuma aka yi sabuwar dokar En'e. Shekara fiye da 70 ke nan, amma malaman tarihi suna iya cewa ga abin da Malam Abubakar ya faɗa, ga ranar da ya faɗa, domin an rubuta. Abin kunya ne a san abin da wakilin 1950 ya ce, a kasa sanin abin da wakilin bara ya ce.

ƊAN GAMAWA DA DOKAR ZAƁE

Kada a zaci wakilan wannan yanki a bayan zaure kawai suke zama. A Majalisa ta takwas Sanata Nazif ya riƙe shugabancin kwamitin Hukumar Zaɓe. A watan Fabrairu na 2018 shi ne ya gabatar da rahoton kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu a kan gyaran dokar zaɓe, rahoton da ya ƙunshi sauya jerin zaɓuɓɓuka: a fara da na 'yan majalisar tarayya, a bi da na gwamnoni da majalisun jihohi, na Shugaban Ƙasa ya zo ƙarshe. Majalisa ta amince, waɗansu sanatocin jam'iyyar APC suka fice suna cewa Shugaba Muhammadu Buhari aka nufa da gyaran. Rigimar ta kai ga dakatar da Sanata Ovie Omo-Agege, kuma ran 18 ga Afrilu waɗansu 'yan daba suka kutsa zauren suka gudu da sandar Majalisa. Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a watan Maris. Aka cire sashen da ya jawo rigima aka sake kai masa, ya sake ƙi, har a watan Disamba ya ce zaɓe ya matso, gyara a lokacin zai kawo ruɗani.

Ko an yarda da matsayin Nazif ko ba a yarda ba, wannan aiki ne da aka yi da sunan mutanen Yana da Faggo da Giade. Da akwai mai bin sawu, da an kira shi gida an tambaye shi hujjarsa, shi kuma da ya sami damar kare kansa. Bin sawu yana amfanin wakili mai aiki kamar yadda yake tona asirin marar yi.

MURYA BA TA DA SUNA

Akwai inda sawun ke dusashewa. Yawancin hukuncin Majalisa da murya ake yanke shi. Shugaba ya ce masu so su amsa, su amsa gaba ɗaya. Ya ce marasa so su amsa, su ma su amsa. Shi kuma ya auna da kunnensa ya buga guduma. Ba a rubuta sunan kowa. Ɗan majalisa na iya goyon bayan abu a Abuja ranar Laraba, ya zo gida ranar Juma'a ya rantse shi ya fi kowa ƙinsa, babu mai iya ƙaryata shi.

Abin da ya faru ran 15 ga Yuli na 2021 ya nuna bambancin. Ana muhawara a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, sai Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na Neja ya kawo gyara cewa Hukumar Zaɓe ba za ta yi haka ba sai hukumar sadarwa ta ƙasa ta tabbatar da ingancin hanyoyin waya, Majalisa kuma ta amince. Aka yi murya, aka buga guduma. Shugaban marasa rinjaye, Sanata Enyinnaya Abaribe, ya ƙi yarda, ya nemi a rarrabe, watau a kira kowa da sunansa ya tashi ya faɗi matsayinsa. Sanatoci 52 suka goyi bayan gyaran, 28 suka ƙi, 28 ba su cikin zauren. Kashegari jaridu suka buga sunaye, kowace mazaɓa ta ga inda nata ya tsaya, ko ta ga cewa bai tsaya ko'ina ba. Surutu ya yi yawa. A watan Oktoba na wannan shekara Majalisa ta janye gyaran, ta bar wa Hukumar Zaɓe ikonta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A gwada wannan da ran 20 ga Maris na 2025, sa'ad da majalisun biyu suka amince da dokar ta-ɓaci da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa Jihar Ribas. Sashe na 305 na Tsarin Mulki ya ce sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa, watau sanatoci 73 daga cikin 109 da wakilai 240 daga cikin 360. Da murya aka yi. Kunne kuwa, komai kaifinsa, ba ya ƙirga 73.

Wani shingen shi ne harshe. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce za a gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Haka Tsarin Mulkin 1979 ya ce. Tanadin nan an fi shekara 40 ana jiransa. A tsohuwar Majalisar Arewa ta Kaduna kuwa wakili na iya tashi ya yi jawabinsa da Hausa, tafinta ya juya. Majalisar Dokokin Jihar Legas takan yi zamanta na ranar Alhamis da Yarabanci, domin sashe na 97 ya ba majalisun jihohi wannan dama. Manomin Shira wanda ya yi karatun allo ya sauke, yake karanta ajami da boko da Hausa, ba jahili ba ne. Kundin ne aka rubuta da harshen da ba nasa ba.

MUDUN AWO

In an sami takardun, da wane mudu za a auna? Akwai masu ƙirga yawan shirye-shiryen dokar da ɗan majalisa ya gabatar su tsaya nan. Wannan awo yana da amfani, amma yana yaudara. Shirin doka sai an karanta shi sau uku a kowace majalisa, ya bi ta kwamiti, sa'an nan a kai wa Shugaban Ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa kafin ya zama doka, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a 2000 a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Karatun farko kuwa ambaton suna ne kawai. Mutum na iya tara shirin doka ashirin a karatun farko ya buga su a kalanda, alhali ko ɗaya bai motsa ba. Tambayar ita ce ina kowanne ya kwana. Haka batu: in Majalisa ta amince da shi, kira ne ga gwamnati, ba doka ba ce. Wakili mai himma shi ne wanda ke bin batunsa zuwa ma'aikata da kwamitin kasafi har ya ga an sa masa kuɗi.

Awo na biyu shi ne halarta. Sashe na 63 ya wajabta wa kowace majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 68 ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama ba tare da uzuri ba ya rasa kujerarsa. Akwai rajistar da 'yan majalisa ke sa hannu, kuma hakkin mai zaɓe ne ya san sau nawa nasa ya sa.

Awo na uku shi ne buƙatun gida. Kogin Bunga, wanda ya bi ta Faggo ya gangara Jama'are, shi ne arzikin fadamun yankin, shi ne kuma tashin hankalinsu a shekarar ambaliya. A kansa ne aka tsara madatsar ruwa ta Kafin Zaki tun zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka soke kwangilar a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994. Manoman Bauchi na ganin noman rani a cikinta, mutanen Yobe da Barno da ke ƙasan kogi na tsoron ƙafewar fadamunsu. Magana ce mai fuska biyu, irin wadda aka yi majalisa dominta. Mene ne matsayin kowane wakili a kanta, kuma a wace rana ya faɗe shi a zaure?

Haka maganar Jihar Katagum, wadda ba a rasa jin ta a dandalin kamfe. Sashe na 8 ya ce matakin farko shi ne takardar buƙata mai goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a Majalisar Tarayya da Majalisar Jiha da majalisun ƙananan hukumomi, kafin a kai ga ƙuri'ar raba gardama da amincewar sauran jihohi. Hanya ce mai tsauri: tun bayan Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963 babu gwamnatin farar hula da ta ƙirƙiro jiha. Mai yin alkawarin jiha a dandali, a tambaye shi takardar da ya sa wa hannu da jihohin da ya shawo kansu.

Sai ayyukan mazaɓu. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Buhari ya ce an kashe naira tiriliyan 1 a kansu cikin shekara goma ba a ga amfanin da ya kai kuɗin ba. A wannan shekarar ce ICPC ta fara zagayen duba su. Kowane aiki yana da layinsa a kundin kasafi, da sunan gari da adadin kuɗi da ma'aikatar da aka ba. Rijiyar burtsatsen da aka ce wane ne ya gina da kuɗinsa, sau da yawa kuɗin jama'a ne, sunansa kawai aka rubuta a allo.

ABIN YI

A waɗansu ƙasashe 'yan sa-kai ne suka ɗauki wannan aiki. A Ingila akwai shafin intanet mai suna TheyWorkForYou tun 2004, inda mutum zai ga jawaban wakilinsa da yadda ya jefa ƙuri'a. A Kenya akwai Mzalendo tun 2005. A nan gida ƙungiyoyi irin su PLAC da OrderPaper suna bin shirye-shiryen doka, shirin Tracka na BudgIT yana bin ayyukan kasafi, ana kuma nuna zaman Majalisa kai tsaye a talabijin da intanet. Kayan aiki sun samu. Abin da ya rage shi ne mai sauko da su daga Turanci zuwa Hausa, daga Abuja zuwa Yana.

Wannan bai fi ƙarfin gari ba. Ƙasar Katagum ba ta rasa malaman makaranta da ɗalibai da tsofaffin ma'aikatan gwamnati. Ƙungiyar ci gaban gari na iya naɗa mutum uku ko huɗu, marasa riƙe da muƙamin jam'iyya, su buɗe littafi ɗaya. A kowane shafi a rubuta rana, da abin da aka tattauna, da abin da sanata ko wakilin Shira da Giade ko ɗan Majalisar Jiha ya ce, da inda maganar ta kwana. In bai yi magana ba a rubuta hakan. Kada a saka yabo, kada a saka zagi. Bayan kowane wata uku a karanta littafin a bainar jama'a, a aika wa wakilin kofe don ya gyara in an yi masa kuskure, a kai wa gidajen rediyo. In takarda ta yi wuyar samu, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya, kuma ba ta ce sai ya faɗi dalilinsa ba. Matambayi ba ya ɓata.

Kada a dogara da kiranye. Sashe na 69 ya ba masu zaɓe ikon kiran wakilinsu gida, amma sai fiye da rabin dukkan masu rajista sun sa hannu, Hukumar Zaɓe ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Da aka gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma a watan Afrilu na 2018, sa hannun da aka tabbatar bai kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba. Makamin da ke hannun talaka na gaskiya shi ne ranar zaɓe, makamin kuwa ba ya ci sai an wasa shi da sani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abu biyu da ya dace a nema daga duk mai neman ƙuri'ar yankin, ko wace jam'iyya ya fito. Na farko, ya yi alkawari a gaban shaidu cewa sau biyu a shekara zai zo ya zauna da jama'a ya ba da jawabin aikensa da Hausa, a kuma yi masa tambayoyi. Na biyu, ya yi alkawarin goyon bayan rubuta sunaye a duk ƙuri'ar da ta shafi kasafi da bashi da haraji da Tsarin Mulki. Mai niyyar aiki ba zai ji nauyin waɗannan ba. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye kuwa ya riga ya ba da amsa.

Jawabin ran 10 ga Yuni na 2023 ya isa Yana ne domin ya zo da abin mamaki, ba domin wani ya bi sawunsa ba. Maganganun da suka fi shafar farashin taki da gyaran hanya da maganin asibiti ba su zuwa da abin mamaki. A hankali ake yin su, ranar Talata da Laraba da Alhamis, a zaure da ɗakunan kwamiti, sa'an nan a rufe su cikin kundi. Majalisa za ta sake yin wani zaman ban kwana, wani wakilin zai sake tashi ya yi godiya. Ya rage ga mutanen Shira da sauran ƙasar Katagum ko ranar za ta same su da littafinsu a hannu. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya ba talakawa ƙarfin halin tambaya.